Littafin jinyar Inna: lissafin kwana 21

Alhamis, 7 ga Nuwamba, 2024

Yaya ne ya ce in riƙa rubutawa, don ya gaji da kira daga Kano ina ba shi amsa rabi da rabi. Na sayi littafi a shagon bakin layinmu nan Jekadafari, abin da na rubuta a ciki shi nake kwafowa.

Inna ta fara tari tun kafin azumin bana, tana gida Kumo. An gwada majina sau biyu ba a ga komai ba, amma hoton ƙirji ya nuna tabo, sai aka ɗora ta a kan maganin tarin fuka. Wata uku tana sha, fitsari ya koma ja kamar yadda aka ce zai yi, tari bai fasa ba, sai rama. Ba na ganin laifin kowa. A ƙasar nan in mutum ya yi tari ya rame, tibi ne ke fara zuwa rai, kuma galibi shi ɗin ne. Sai dai da mun san wanda ya yi wata biyu a kan maganin bai ji sauƙi ba komawa yake a sake bincike, da ba mu zauna muna cewa sauƙi na tafe ba.

A watan Satumba numfashi ya fara gagararta, muka ɗauko ta zuwa Gombe. Ruwa ne ya taru a ƙirjin dama, aka zuƙe fiye da lita ɗaya. Daga nan hoton siti, wanda ke nuna cikin ƙirji dalla-dalla, sannan aka soka allura ta haƙarƙari aka ciro ɗan tsoka. Bayan mako uku sakamako ya fito: ciwon daji na huhu, nau'in da suke kira adinokasinoma. Likita ya ce dajin huhu gida biyu ne, mai ƙananan ƙwayoyi da wanda ba shi ba, kuma cikin mutum goma wajen takwas suna gida na biyu, inda Inna take. Da yake an ga ƙwayoyin cutar a ruwan da aka zuƙe, mataki na 4 ke nan.

Duk wanda ya ji sai ya ce, "Ai Inna ba ta taɓa shan taba ba." Ni ma haka na ce. Taba ce babbar sila, amma wannan nau'in shi ne aka fi gani a wurin matan da ba su taɓa sha ba. Inna ta yi shekara kusan 40 tana tuyar ƙosai da itace a ƙaramin madafi. Na tambaya ko shi ne, likita ya ce hayaƙin itace yana cikin abubuwan da ke ƙara haɗari, amma ba zai ɗora yatsa a kai ba.

Bai yi mana rufa-rufa ba: kemo, wato maganin daji da ake ɗaurawa ta jijiya, a wannan mataki ba don a raba ta da ciwon ba ne, don a danne shi ne, numfashi ya samu, kwana ya ƙaru da yardar Allah. Zagaye huɗu za a fara, kowane bayan kwana 21, in jiki ya ɗauka ana iya kaiwa shida.

Yaya ya ce kada a gaya mata. Na yi kwana biyu ina kewaye-kewaye, sai ita da kanta ta ce, "Ke 'yar nan, daji ne ko? Na ga yadda kuke fita waje ku amsa waya." Na ce shi ne. Ta yi salati, ta ce to a yi abin da za a yi.

Litinin, 11 ga Nuwamba

Yau gwaje-gwaje: ƙidayar jini, ƙoda, hanta, suga, da ciwon hanta na B. Wannan na ƙarshe na ɗauka ƙarin kashe kuɗi ne, ashe in mutum yana ɗauke da shi a kwance kemo na iya tayar da shi. Nata babu, alhamdulillahi. An auna tsawo da nauyi, kilo 52. Magani biyu za a sa mata, fakilitaksel da kabofilatin. Na farko da tsawo da nauyi ake lissafa shi, na biyu da ƙarfin ƙoda, shi ya sa ba a wasa da gwajin ƙoda kowane zagaye.

An kuma aika ragowar tsokar Legas a duba wata alama da ake kira EGFR. In an same ta, akwai ƙwayoyin haɗiya da sukan fi kemo aiki. Likita ya ce ba za mu zauna jira ba saboda numfashin.

Na je ofishin walwala a kan tallafin masu ciwon daji na gwamnatin tarayya, aka ce wanda ake da shi na dajin mama ne, da bakin mahaifa, da na mafitsarar maza. Kuɗin zagaye ɗaya ya fi albashina na wata biyu. Yaya ya ɗauki na farko, mun sa shanun Inna biyu a kasuwa.

Goggo ta iso da yamma da jarkar saiwoyi. Ta ja ni gefe ta ce daji ba ya son allura, da an taɓa shi da ƙarfe sai ya fantsama. Wannan magana ba ita kaɗai ke faɗa ba, na ji ta a bakin masu digiri ma. Abin da na lura shi ne mutanenmu ba sa zuwa asibiti sai ciwo ya gama cin jiki, to in aka yi allura mutum ya rasu sai a ce allurar ce. Ban yi musu da ita ba, uwa ce. Na dai ce mata ɗaya daga magungunan ma daga ɓawon wata bishiya ta ƙasar Amurka aka fara samo shi, kuma gaskiya ne. Muka yi yarjejeniya: addu'a, zamzam, tofi, duk a yi. Abin sha na saiwa kuwa a ajiye, don hanta da ƙodar da za su tace kemo ba za su ɗauki kaya biyu ba.

Talata, 12 ga Nuwamba. Zagaye na 1, rana ta 1

Mun fita bakwai da rabi, mun dawo ana kiran magariba. Maganin kansa bai kai awa biyar ba, sauran duk jira ne.

Mutane na ta tambaya ko an gasa ta. Gashi daban, na'ura ce ke haska wurin ciwon. Kemo ƙarin ruwa ne kawai, mutum na zaune a kujera. Sista ta sha wahalar samun jijiya saboda lallen da Inna ta sa makon jiya, ta ce a daina sa shi a bayan hannu har a gama. An fara da allurai na share fage: maganin amai, maganin borin jini, da deksametason. Bayan rabin awa aka ɗaura fakilitaksel. Sista ba ta matsa daga wurin ba minti goma sha biyar na farko, ta ce in jiki zai ƙi shi a lokacin yake nunawa, fuska ta yi ja, ƙirji ya riƙe, baya ya ɗaure. Ba abin da ya faru. Awa uku yana ɗiga, kabofilatin kuma kusan awa ɗaya. Ta gargaɗe mu in wurin allurar ya yi zafi ko ya kumbura a yi magana nan take, don in maganin ya zuba a tsoka yana ƙona ta.

Inna ta yi barci rabin lokacin, ta tashi ta ci dankali da ƙwai, ta yi azahar da la'asar a zaune. A mota ta ce, "Wannan ne abin da ake ta tsoratar da mutane?" Wata mata da muka zauna kusa, zagayenta na biyar, ta riga ta ce min kada in ruɗu da yau, in jira rana ta uku.

Kwana biyu na farko maganin na fita ta fitsari da amai. Na ware mata fo da buta, ina sa safar hannu in zan wanke, ina zuba ruwa sau biyu. Yara na hana su shiga bayin.

Juma'a, 15 ga Nuwamba, rana ta 4

Matar nan ta yi gaskiya. Laraba Inna ta wuni garau, har tana cewa za ta tsince min shinkafa, dare kuma ba barci. Aikin deksametason ne, yana sa kuzarin aro, yana kuma ɗaga suga. Jiya da ya sake ta sai ta zube. Ciwon gaɓoɓi da cinyoyi, ta ce kamar ta yi wuni tana daka. Farasitamol aka ce a ba ta, amma sai an auna zafin jiki tukuna, don kada ya rufe zazzaɓi. An hana mu magungunan ciwon jiki irin na kemis, saboda ƙoda da zubar jini.

Amai sau ɗaya kawai, na yi mamaki. Sista ta ce a riƙa ba da maganin a kan lokaci, kada a jira zuciya ta tashi. Abin da ba wanda ya shirya mu a kai shi ne bayan gida: kwana uku babu, maganin aman ne ke ɗaure ciki. Gwanda, miyar kuɓewa, ruwa mai yawa da wani maganin ruwa da likita ya rubuta, yau da asuba aka samu.

Laraba, 20 ga Nuwamba, rana ta 9

Baki ya ɗaci, ta ce komai ƙarfe-ƙarfe yake mata. Na ajiye cokalin ƙarfe na koma ludayin duma. Kunun gyaɗa da kunun tsamiya suna shiga, alale ma haka, nama ko ƙamshinsa ba ta so. Kaɗan-kaɗan sau shida ya fi kwano ɗaya a tashi ɗaya. Tana kurkure baki da ruwan ɗumi da gishiri bayan kowace salla, haka ya fi sauƙin tunawa.

Fura ce rigimarmu. Inna ba ta san wuni ba fura ba, nonon talla kuwa ba a san ko an dafa madarar ba. Yanzu ni ke tafasa madara in kwantar da kindirmo a gida. Ta ce bai kai na Kumo ba. Salak, kwaɗon kabeji, tsiren bakin titi, duk an jingine. 'Ya'yan itace sai mai ɓawo da zan feraye da hannuna.

Litinin, 25 ga Nuwamba, rana ta 14

Yau aka sallame mu, kwana huɗu a gado.

Daren Alhamis wajen sha ɗaya na ji tana rawar ɗari. Na auna, 38.4. Baban yara ya ce maleriya ce, a ba ta magani a bari gari ya waye. Da wani lokaci ne da na yarda. Amma likita ya rubuta min a bangon katinta da jan biro: 38, a taho, ko ƙarfe nawa ne. Muka tafi. Na miƙa katin na ce kemo take yi, rana ta 10, nan da nan suka ɗebi jini suka ɗaura maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya tun kafin sakamako ya fito. Fararen ƙwayoyin jinin da ke yaƙi da cuta, waɗanda suke kira nutirofil, sun sauka zuwa 0.4. Maleriya kuma babu.

Sai a kwanakin nan na gane lissafin. Kemo yana bin duk abin da ke saurin tsiro a jiki ne, bai san na gida da baƙo ba: dajin, saiwar gashi, fatar baki, da ɓargo inda ake ƙera jini. Sojojin jiki sukan faɗi ƙasa tsakanin rana ta 7 da ta 14, daga nan su fara farfaɗowa. Ranakun da mutum ya fara jin ciwon jiki ya sake shi, su ne ranakun da ba shi da mai gadi. Ƙaramar cutar da ni zan yi atishawa biyu ta wuce, ita tana iya kai ta lahira cikin dare ɗaya.

Da nake yi wa Inna wannan bayani sai ta ce, "Feshi ke nan. In ka fesa wa ciyawa, ita ma shukar sai ta yi laushi, ka ba ta kwana ta miƙe kafin ka sake." Ta fi ni iya faɗa.

Laifina a nan shi ne 'yan dubiya. Ranar Lahadi da Litinin ɗin da suka wuce mota biyu ta zo daga Kumo, ɗaki ya cika, wata da jariri mai mura a goye, kowa sai ya kama hannunta. Na kasa cewa komai. Ta yaya za ka ce wa wadda ta biya kuɗin mota don zumunci ta tsaya a waje? Ba zan rantse daga nan ta ɗauka ba, amma ba zan sake ba. Na roƙi Kawu ya sanar a gida: dubiya daga rana ta 15 zuwa ta 20, mutum biyu-biyu, a tsakar gida, mai tari ko mura ya yi ta waya. Daga bakinsa ba wanda zai ce raini ne.

Alhamis, 28 ga Nuwamba, rana ta 17

Gashi. Tun shekaranjiya take cewa fatar kai na mata zafi. Yau na zo tsefe mata kitso, kalba ɗaya ta biyo hannuna gaba ɗaya. Na yi tsaye da ita a hannu. Inna ta karɓa ta duba, ta ce in kawo almakashi in rufe ƙofa. Na aske sauran, ta ƙulle a tsumma ta ce in binne, ta ɗaura ɗankwali. Ba ta yi kuka ba, ni ce na shiga madafi na yi. An ce zai fito bayan an gama. Na saya mata hular sanyi, don hunturu ya fara shigowa.

Talata, 3 ga Disamba

Ba a yi ba. Nutirofil 1.1, ana son 1.5 zuwa sama. An ɗaga mako ɗaya. Yaya ya tayar da hankali wai dajin zai samu sarari, likita ya ce ɗagawa irin wannan abu ne da aka saba, sa magani a kan jinin da bai dawo ba shi ne ganganci. Darasi: a yi gwajin jini ana gobe, kada a sayi magani sai an ga sakamako.

Talata, 10 ga Disamba. Zagaye na 2

An yi lafiya. Saboda abin da ya faru an ƙara allurar filgirastim, mai zaburar da ɓargo, ana farawa bayan kemo da aƙalla kwana ɗaya, a fatar ciki. Sai a firji take zama, ba a kuma so ta daskare. Da yanayin wutarmu, maƙwabciyata mai sola ce ta ba ni gurbi a nata, Allah ya saka mata. Wani ma'aikacin jinya a layinmu yake zuwa yi mata.

Sakamakon Legas ya zo, ba a sami alamar ba. Na sa rai ƙwarai da ƙwayoyin nan.

Lahadi, 22 ga Disamba, rana ta 13

Ba zazzaɓi wannan karo. Ina aunawa safe da dare ina rubutawa. Allurar ta sa mata ciwon ƙugu kwana biyu, aka ce alamar ɓargo na aiki ne.

Hazo ya sauko sosai, daga ƙofar gida ba a hango ƙarshen layi. Tari ya ɗan dawo. Na toshe tagogi da labule mai kauri, ana yayyafa ruwa kafin shara, in za ta fito tsakar gida sai da takunkumi. Na daina turaren wuta, wanda a gidan 'yar Gombe ba ƙaramin abu ba ne, har baban yara ya tambaya ko lafiya. Maganin sauro na kunnawa ma an daina, gidan sauro kawai. Garwashin jin ɗumi a ɗaki kuwa na hana, sai bargo biyu da safa.

An ɗaura auren jikar Goggo jiya. Inna ta so zuwa ƙwarai, ta ƙirga da yatsu da kanta ta ga rana ta 12 ce, ta ce a kai gudummawarta. Yanzu ita ke tuna min kwanakin.

Talata, 31 ga Disamba. Zagaye na 3

Jini ya yi ƙasa, ba fararen ba, jan. Tun makon jiya daga ɗaki zuwa bayi sai ta huta, tafin hannu fari fat. An ƙara mata leda ɗaya ranar Asabar, Auta ne ya bayar. Duk mai shirin fara wannan hanya ya san rukunin jinin 'yan gidansu tun da wuri.

Sabon abu: yatsun hannu da na ƙafa. Ta ce kamar tana taka auduga, carbi kuma ba ta jin ƙwayarsa sosai. Ta ɓoye min kwana goma don kada a ce za a dakatar da magani, sai da na ga ta kasa ɗaure bakin zani. Fakilitaksel ne ke taɓa jijiyoyi, kuma in aka yi shiru aka ci gaba yana iya zama ya zauna ko bayan an gama. Likita ya rage adadinsa. Ya ce mata, "Mama, in kin ɓoye min, da me zan yi aiki?" Yanzu ni ke taɓa ruwan alwala kafin ta sa hannu, kuma ba ta yawo ba takalmi.

Laraba, 15 ga Janairu, 2025

Hoton siti na biyu ya fito. Ƙullin ya ragu daga santimita 5.2 zuwa 3.6, ruwan bai sake taruwa ba sai ɗan kaɗan, ba sabon wuri. Likita ya ce magani na aiki. Ya kuma maimaita abin da ya faɗa tun farko, wai kada mu ji wannan mu ce an warke. Yaya ya yi ta kabbara a waya, ban iya katse shi ba, sai da dare na sake kira na faɗa masa sauran.

Abin da ni na gani ba a hoto ba: tana kwana a filo ɗaya maimakon uku, tana idar da fatiha ba ta tsaya jan numfashi ba. Nauyi kilo 50.

Litinin, 20 ga Janairu

Gwajin jini yau: nutirofil 2.0, ƙwayoyin daskarar da jini 142, ƙoda lafiya. Gobe zagaye na 4. An sayi magani, kuɗin saniya ta biyu ya ƙare a nan.

Tambayoyin da zan kai wa likita na rubuta su a bayan littafi. Ko a huɗu za a tsaya, tunda yatsun ba su sake ba. In an tsaya, sai yaushe hoto na gaba, kuma wace alama ce za ta sa mu dawo kafin ranar. Ko za ta iya komawa Kumo, don ta fara zancen awakinta. Sai maganar azumi, da ke tafe farkon Maris. Tun Nuwamba ta ajiye na Litinin da Alhamis ba da son ranta ba, yanzu ta ce na farilla ba za ta sha ba. Limamin masallacinmu ya aiko mata da ayar da ta yi wa mara lafiya rangwame a Baƙara, ta ce ta san ayar tun ban zo duniya ba, a dai tambayi likita. Kabofilatin na son ruwa a jiki saboda ƙoda, na san amsar da zai bayar, amma gara ta ji daga bakinsa.

Na haɗa jaka: kati, sakamakon gwaji, bargo, fulas ɗin kunu, dabino, safa, caja. Ta ce in tashe ta ƙarfe biyar, tana so ta yi wanka da ruwan zafi kafin asuba.